Gishiri da Kyandir: Gardamar Shekara Ɗari Kan Abin da Ke Ɗaure Zarra da Zarra

Ana ba da labarin wata liyafa da aka yi a fadar Tuileries da ke birnin Faris, wadda tari ya ɓata. An kunna kyandirori farare tas, manyan baƙi sun hallara, sai hayaƙi ya fara shaƙe mutane, idanu na zubar da ruwa, maƙogwaro na zafi. Fada ta nemi Alexandre Brongniart, shugaban masana'antar tangaran ta Sèvres, ya binciko dalili, shi kuma ya tura wa surukinsa Jean-Baptiste Dumas, wanda a lokacin tauraronsa ke tasowa a fagen ilmin sinadarai. Dumas ya gano cewa da kulorin aka wanke kakin don ya yi fari, kuma kulorin ɗin bai tsaya a wanki ba. Ya kutsa cikin kakin, ya tashi haidirojin daga mazauninsa, ya zauna. Da wuta ta kama, sai ya fito cikin hayaƙi mai asid.

Tarin baƙi ƙaramin abu ne. Babban abin shi ne, bisa karatun da ake yi a Turai a wancan zamani, abin da Dumas ya gani bai kamata ya yiwu ba. An san kulorin da haidirojin a matsayin kishiyoyin juna ta fuskar lantarki. To ta yaya ɗaya zai gaji kujerar ɗaya, kaki kuma ya ci gaba da zama kaki?

Tambayar da ke ƙarƙashin wannan ta girmi Dumas nesa ba kusa ba. Tun da Democritus na Girka ya ce an gina komai da ƙananan ƙwayoyin da ba sa rabuwa, waɗanda muke kira zarra ko atam, aka fara tambayar abin da ya hana tsibin watsewa. Mabiyansa suka ce zarra na da ƙugiyoyi, suna sarƙe juna kamar ƙarangiya a gezar riga. Lucretius na Rum har ya jingina nawar man zaitun wajen tsiyaya ga wannan sarƙewa. Isaac Newton bai gamsu da ƙugiya ba. Ya ce wani ƙarfin ja ne, mai tsanani idan ƙwayoyin suna dab da juna, wanda ke ɓacewa da zarar sun ɗan ja baya. A 1718 Étienne-François Geoffroy ya gabatar wa majalisar masana ta Faris wani jadawali na wa ya fi son wa: ƙarfe yana korar jan ƙarfe daga ruwan asid, jan ƙarfe yana korar azurfa, haka dai. Jadawalin ya yi amfani ƙwarai ga mai aiki da hannu, amma jerin aure ne kawai, babu bayanin abin da ya haɗa ma'auratan.

Batir ne ya kawo amsa ta farko mai kama hankali. A 1800 Alessandro Volta na Italiya ya jera fayafayan ƙarfe iri biyu, ya raba su da kwali jiƙaƙƙe da ruwan gishiri, ya samu lantarki mai gudana ba yankewa. Cikin 'yan makonni William Nicholson da Anthony Carlisle suka tsoma wayoyin irin wannan batir a ruwa a Landan, suka ga haidirojin na tasowa a waya ɗaya, oksijin na bayyana a ɗayar. Humphry Davy ya ɗora daga nan. A watan Oktoba na 1807 ya saka wa sinadarin da ake tacewa daga toka wuta mai ƙarfi, sai ga ɗigo-ɗigo masu ƙyalli kamar zaiba, wasu na kamawa da wuta nan take. Fotasiyam ke nan, ƙarfen da ido bai taɓa gani ba. Ɗan'uwansa Edmund, wanda ke taya shi aiki, ya ce Davy tsalle ya riƙa yi a ɗakin don murna. Bayan 'yan kwanaki ya fitar da sodiyam. Hujjar a fili take: idan lantarki na kwance ɗaurin, to lantarki ne ya ɗaura shi tun farko.

Wanda ya mai da wannan tunani cikakkiyar koyarwa shi ne Jöns Jacob Berzelius na Istokholm, likitan da ya koma sinadarai, wanda ya bar mana haruffan da har yau ɗalibai ke haddacewa, H da O da Na da sauransu. A wajensa kowace zarra tana ɗauke da caji iri biyu, mai alamar tarawa da mai alamar ɗebewa, kamar kawunan batir, amma ɗaya ya rinjayi ɗaya. Ya jera sinadarai a layi guda, oksijin a ƙarshen ɗebewa, fotasiyam a ƙarshen tarawa. Duk wani haɗi, in ji shi, aure ne tsakanin kishiyoyi biyu. Kuma gishirin miya ya tsaya masa shaida. Sodiyam ƙarfe ne da ke haukacewa idan ya taɓa ruwa, kulorin iska ce mai kisa, amma da suka haɗu kowa ya kashe zafin ɗan'uwansa, aka samu abin da ake barbaɗawa a abinci. Berzelius ya fitar da cikakken bayanin a 1819, kuma daga 1821 ya riƙa wallafa rahoton shekara-shekara inda yake yanke wa ayyukan masana hukunci. Wanda ya yaba ya shiga, wanda ya kushe ya sha wuya.

Wannan iko ya yi ɓarna a wuri ɗaya tun kafin kyandir. A 1811 Amedeo Avogadro ya ce iskar haidirojin ba zarra ɗaiɗai ba ce, bibbiyu suke tafiya, haka ma oksijin. A lissafin Berzelius wannan shirme ne, domin zarra biyu iri ɗaya cajinsu ɗaya, tunkuɗe juna za su yi. Maganar Avogadro ta kwanta kusan shekara hamsin, sai da Stanislao Cannizzaro ya tashe ta, aka raba ɗan littafinsa a taron masana na Karlsruhe a 1860.

Mu koma ga Dumas. A 1834 ya fitar da ƙa'idar musanya: duk haidirojin ɗaya da ya fita, kulorin ɗaya ke shiga. A nan ya so ya tsaya, amma almajirinsa Auguste Laurent ya ƙara gaba, ya ce kulorin ba gurbi kawai ya cike ba, aikin haidirojin ma yake yi. Da Berzelius ya yi tsawa daga Istokholm, Dumas ya zame, ya ce wannan maganar Laurent ce, ba tasa ba. Bayan 'yan shekaru kuma ya ɗauki asid ɗin da ke ba ruwan khal tsami, ya haɗa shi da kulorin a hasken rana, ya musanya haidirojin uku da kulorin uku, ya samu asid sabo mai halaye irin na tsohon. Daga nan ya rungumi ra'ayin da ya guda, kamar nasa ne tun asali. Laurent ya mutu da tarin fuka a 1853, cikin talauci da ɗacin rai. Tarihin kimiyya bai rasa irin wannan ba, kuma za mu sake cin karo da shi.

Jamusawa sun mai da abin raha. Friedrich Wöhler, aminin Berzelius, ya rubuta wasiƙar barkwanci da sunan S. C. H. Windler, wanda idan aka haɗa haruffan yake ba da kalmar Jamusanci mai nufin ɗan damfara. A ciki ya ce ya musanya dukkan zarrar wani gishiri da kulorin, ɗaya bayan ɗaya, har ya zama kulorin zalla, amma halinsa bai sauya ba. Ya ƙara da cewa a Landan an fara sayar da yadin da aka saƙa da kulorin tsantsa. Justus Liebig ya buga wasiƙar a mujallarsa a 1840. An yi dariya, amma dariya ba ta goge sakamakon gwaji. A 1842 Louis Melsens, mataimakin Dumas, ya cire kulorin ɗin ya mayar da haidirojin, asid ɗin khal ya dawo yadda yake. Berzelius ya yi ta yi wa koyarwarsa faci har ya rasu a 1848, matasa kuwa sun riga sun watse daga bayansa.

Abin da suka koma yi ya fi sauƙi, kuma ya fi riba: suka daina tambayar mene ne ɗaurin, suka koma ƙirga shi. Edward Frankland na Ingila ya lura a 1852 cewa kowace zarra tana da adadin hannuwan da take kamawa da su. Haidirojin ɗaya, oksijin biyu, naitirojin uku ko biyar. A 1858 August Kekulé ya nuna cewa kabon hannu huɗu gare shi, kuma yana kama ɗan'uwansa kabon su yi sarƙa. Wani matashi ɗan Sikotland, Archibald Scott Couper, ya kai ga wannan a lokaci guda a Faris, har ya fi Kekulé da abu ɗaya, don shi ya fara jan layi tsakanin haruffa ya nuna ɗauri. Ya ba maigidansa Adolphe Wurtz takardar ya miƙa wa majalisar masana, aka yi jinkiri, ta Kekulé ta riga fita. Dumas ne ma ya gabatar da ta Couper daga baya. Couper ya yi faɗa da maigidansa, aka sallame shi, ya koma gida lafiyar ƙwaƙwalwarsa ta taɓu, bai sake buga wani aiki ba har mutuwarsa a 1892. Ɗan layin nan da kowane ɗalibi ke ja tsakanin H da O gadonsa ne.

A 1874 Jacobus van 't Hoff, yana ɗan shekara 22, da Joseph Le Bel, kowa a nasa ɓangaren, suka ce hannuwan kabon huɗu ba a shimfiɗe suke kamar a takarda ba, sun miƙe ne zuwa kusurwoyin wata 'yar dala mai fuska huɗu. Tsohon malami Hermann Kolbe ya yi wa van 't Hoff ba'a a rubuce, ya ce wannan yaro da ke aiki a makarantar likitan dabbobi ta Utrecht ya ari doki mai fukafuki daga can ya tashi sama yana hango zarra. A 1901 yaron ne ya fara karɓar kyautar Nobel ta sinadarai, ko da yake kan wani aikin daban.

Da layi da siffa aka gina masana'antun rini da na magani na Jamus, ba tare da kowa ya san abin da layin yake nufi ba. Sai ilmin ya rabu gida biyu. Masu aiki da kaki da mai da giya da sukari suna jan layi, ba ruwansu da caji. Masu aiki da gishiri da asid kuwa sai ga caji ya dawo musu ta taga. Svante Arrhenius, ɗan ƙasar su Berzelius, ya kare kundin digirinsa a Uppsala a 1884 kan yadda ruwan gishiri ke ɗaukar lantarki, daga nan ya kai ga cewa gishiri na rabuwa cikin ruwa ya zama zarra masu caji, waɗanda Michael Faraday ya raɗa wa suna ayon. Malamansa suka ba shi sakamako mai rauni. A 1903 aka ba shi Nobel. Sannan a 1913 William Bragg da ɗansa Lawrence suka haska ƙwayar gishiri da hasken eksire, suka ga babu wani sodiyam da ya keɓe da kulorin guda. Kowane sodiyam na kewaye da kulorin shida, kowane kulorin na kewaye da sodiyam shida, jeri bisa jeri. Har 1927 wani dattijon masani, Henry Armstrong, yana rubuta wa mujallar Nature cewa wannan ya saɓa wa hankali. A gishiri dai Berzelius na da gaskiya. A kyandir kuma Dumas ke da ita. Wa zai haɗa su?

Kayan aikin sun fara taruwa. A 1894 aka gano iskar argon, wadda ba ta haɗuwa da kowa, sai 'yan'uwanta suka biyo baya. A 1897 J. J. Thomson ya gano ilektaron, ƙwayar cajin ɗebewa da ke cikin kowace zarra. Richard Abegg ya lura a 1904 cewa lamba takwas na yawan fitowa a lissafin hannuwan zarra. A 1916 Walther Kossel a Jamus ya ɗinke waɗannan: zarra na neman cika ɓawonta na waje da ilektaron takwas, irin na argon da danginsa. Sodiyam na da guda ɗaya da ya yi masa yawa, kulorin na da bakwai, saura ɗaya. Wannan ya bayar, wancan ya karɓa, kowa ya samu caji, suka manne. Bayani ne mai kyau, amma na gishiri ne kawai. Bai ce komai kan haidirojin biyu na Avogadro ba, inda babu mai bayarwa babu mai karɓa.

A wannan shekarar, a Berkeley ta jihar Kalifoniya, Gilbert Newton Lewis ya buga takardar da ta warware ƙullin. Tun 1902, yana koyarwa a Harvard, ya zana zarra a siffar akwati mai kusurwa takwas, ilektaron a kowace kusurwa, don ya sauƙaƙa wa ɗalibai. Ya ajiye zanen shekara goma sha huɗu. Abin da ya ƙara a 1916 shi ne cewa akwati biyu za su iya haɗa gefe. Duk wanda ya tashi a tsohon gari ya san katangar da ke tsakanin gida biyu: gini ɗaya ne, amma kowane maigida yana lissafa ta cikin katangun gidansa. Haka ilektaron biyu ke zama tsakanin zarra biyu, kowace na ƙirga su a nata. Kulorin mai bakwai ya haɗu da kulorin mai bakwai, kowa ya kawo ɗaya aka yi tarayya, kowa ya cika takwas. Layin Couper, ashe, ilektaron biyu ne na tarayya. Lewis ya nuna su da ɗigo biyu, kuma ɗigon nan nasa ne ake yi a allo har gobe.

Amma a ganina ba wannan ne mafi zurfin abin da ke takardar ba. Lewis ya ce tarayya ba dole ta zama ta adalci ba. Mutum biyu na iya cin tuwo a akushi ɗaya, lomar wani ta fi ta wani. Idan zarra biyun iri ɗaya ne, ilektaron ɗin na tsakiya daidai. Idan ɗaya ta fi ƙarfin ja, sai su karkata wajenta, gefenta ya ɗan yi cajin ɗebewa, ɗaya gefen ya ɗan yi na tarawa. Idan ƙarfin ya yi nisa sosai, sai ta janye akushin gaba ɗaya, a samu gishiri. Ke nan auren kishiyoyi na Berzelius da layin masu kaki ba abu biyu ba ne. Bakin hanya ɗaya ne na nan da na can, kuma yawancin sinadarai a tsakani suke zaune. Wannan karkata ita ce abin da ake nufi idan aka ce ɗauri ko molikul, wato tarin zarra da suka ɗauru da juna, yana da kai biyu.

Takardar ba ta yi amo ba da farko. Yaƙi ake yi, Lewis kansa ya tafi Faransa aikin soja a sashen kariya daga iskar guba. Irving Langmuir na kamfanin General Electric, mutum mai baki da iya jan taro, shi ya ɗauki ra'ayin daga 1919 ya faɗaɗa shi, ya raɗa wa sassansa sunayen da ake amfani da su yau, ya yi ta yawon lacca har aka fara kiran abin da sunansu su biyu, wasu ma da na Langmuir kaɗai. Lewis bai yafe ba. Langmuir ya samu Nobel a 1932 kan wani aiki nasa na daban. An gabatar da sunan Lewis sau 41, bai samu ba ko sau ɗaya. Ran 23 ga Maris 1946 aka tsinci gawarsa a ɗakin gwajinsa, sa'o'i kaɗan bayan wata liyafar rana da Langmuir ya halarta.

Karkatar da Lewis ya zana a takarda, wani ya riga ya samo hanyar auna ta. Peter Debye, haifaffen Maastricht a Holan, ya nuna a 1912 cewa idan aka sa wani abu tsakanin farantan ƙarfe biyu masu caji, molikul mai kai biyu zai yi ƙoƙarin juyawa kamar allurar kamfas, kan tarawa ya fuskanci farantin ɗebewa. Zafi kuwa yana hargitsa su, ya hana su jeruwa. Saboda haka idan aka auna yadda abin ke rage ƙarfin cajin a zafi daban-daban, za a iya fitar da girman karkatar. Ma'aunin da ake amfani da shi yau sunansa yake ɗauke da shi, kuma aikin na cikin abin da ya ba shi Nobel a 1936.

A nan ne labarin ya fi daɗi, domin awon ya tona siffar abin da ido ba ya gani. Iskar da muke fitarwa a numfashi, kabon ɗaya da oksijin biyu, awonta sifili ne. Ba don oksijin ba ya ja ba. Yana ja da ƙarfi. Amma ɗaya na dama ɗaya na hagu a miƙe, kamar mangalar da aka daidaita a bayan jaki, nauyin nan ya soke na can. Ruwa ma zarra uku ne, oksijin ɗaya da haidirojin biyu, amma awonsa 1.85. Da a miƙe yake da shi ma sifili zai ba da. Dole a lanƙwashe yake kamar gwafa, kuma awon da aka yi daga baya ya ba da kusurwa mai digiri 104.5. Dalilin lanƙwasar na cikin ɗigon Lewis: oksijin na da ilektaron huɗu, bibbiyu, da bai yi tarayya da kowa a kansu ba, su ma suna neman wurin zama, sai suka danne hannuwan biyu gefe guda. Amoniya kuwa kamar tukunya ce a kan duwatsun murhu uku, awonta kusan 1.5. Nevil Sidgwick da Herbert Powell a 1940, sannan Ronald Gillespie da Ronald Nyholm a 1957, su suka mai da wannan ƙa'idar da ake koya wa ɗalibai don hasashen siffa.

Dubi kuma musanyar Dumas a kan wannan sikeli. Iskar methen, kabon ɗaya da haidirojin huɗu, sifili. Sa kulorin ɗaya, awo ya haura kusan 1.9. Sa na biyu, ya sauko 1.6. Sa na uku, ka samu kulorofom, wanda Dumas ne ya raɗa masa suna, awonsa ɗaya da 'yan kai. Sa na huɗu, ya koma sifili, don yanzu ana ja ta kusurwa huɗu daidai wa daida. Ƙarin kulorin bai zama ƙarin karkata ba. Inda aka zaunar da shi ne magana.

Daga wannan 'yar lanƙwasa ta ruwa abubuwa da yawa suka fito. Iskar da ke ba ruɓaɓɓen ƙwai wari 'yar'uwar ruwa ce a tsari, ta ma fi shi nauyi, amma tana tafasa a digiri 60 ƙasa da sifili, ruwa kuwa sai ya kai 100. Wendell Latimer da Worth Rodebush, matasa a sashen Lewis, sun bayyana dalili a 1920: haidirojin na molikul ɗaya yana maƙale wa oksijin na maƙwabcinsa, ɗauri mara ƙarfi sosai amma mai yawan gaske. Ruwa na narkar da gishiri domin yana kewaye kowane ayon da kan da ya dace, ya rage jan da ke tsakaninsu kusan sau 80. Man gyaɗa kuwa yana taruwa a saman miya, kuma ba ƙiyayya ce tsakaninsa da ruwa ba, kamar yadda ake yawan faɗa. Ruwa ne ya fi son junansa, mai bai da abin da zai ba shi a madadin, sai aka matse shi waje. Sabulu ɗan sulhu ne, kansa mai caji, jelarsa doguwar sarƙar kabon. Langmuir ya nuna a 1917 cewa irin waɗannan molikul suna tsayawa a fuskar ruwa kai a ciki jela a sama. Matan da ke dafa ruwan toka da mai su fitar da sabulun salo wannan molikul ɗin suke ƙerawa, tun kafin a san sunansa.

Saura tambaya ɗaya da Lewis bai iya amsawa ba. Ilektaron biyu cajinsu ɗaya. Me zai sa su zauna tare har su riƙe wasu? Amsar ta fito daga sabon lissafin da Erwin Schrödinger ya kawo a 1926. A shekarar da ta biyo, a Zurik, Walter Heitler da Fritz London suka yi lissafin haidirojin biyu, suka nuna cewa idan ilektaron ɗin suka yi tarayya a tsakanin cibiyoyin zarra biyun, ƙarfin da ke cikin tsarin yana raguwa, zama tare ya fi rabuwa sauƙi. Shekara 116 bayan Avogadro, aka san abin da ya sa maganarsa ta yiwu.

Wani Ba'amurke matashi, Linus Pauling, yana Turai a lokacin yana koyon wannan lissafi, kuma ya san sinadarai fiye da masu lissafin. Da ya koma Kalifoniya ya shiga fassara shi zuwa harshen masu ɗakin gwaji. A 1932 ya yi wata dabara mai sauƙi. Tsinka ɗaurin haidirojin da haidirojin na cin kilojul 436 a ma'aunin da aka saba, na kulorin da kulorin 243. Da tarayyar adalci ce tsakanin haidirojin da kulorin, da ɗaurinsu zai faɗo tsakiya, wajen 340. Amma awo ya ba da kusan 432. Rarar nan ta casa'in da wani abu, in ji Pauling, ladan karkata ce, jan da kan tarawa ke yi wa kan ɗebewa. Daga irin wannan rara ya ba kowace zarra lambar kwaɗayinta ga ilektaron: fulorin 4.0, oksijin 3.5, naitirojin da kulorin 3.0, kabon 2.5, haidirojin 2.1, sodiyam kuwa can ƙasa, 0.9. Wanda ya ajiye wannan jeri kusa da na Berzelius zai ga kamar ɗa da uba, sai dai fulorin ya karɓe wa oksijin kan layi. Littafin da Pauling ya fitar a 1939 kan ɗaurin sinadarai ga Lewis ya sadaukar da shi, kuma a 1954 ya karɓi kyautar da Lewis bai samu ba.

Da waɗannan lambobi ana iya ganin hanyar daga baki zuwa baki. Tazarar kabon da haidirojin 0.4 ce, shi ya sa kaki da mai ba su da kai biyu. Ta oksijin da haidirojin 1.4. Ta sodiyam da kulorin 2.1. Littattafan makaranta sukan ja layi a 1.7 su ce daga nan gishiri ya fara, abin da ke taimakon mai jarrabawa fiye da mai neman fahimta. Haidirojin da fulorin tazararsu 1.9 ce, amma abin da suke haifarwa ba gishiri ba ne, ruwa ne mai tafasa a wajen digiri 20.

Shi kuwa asid ɗin da Dumas ya kayar da Berzelius da shi, da aka zo aka auna ƙarfinsa da kyau, sai aka ga kamarsa da asid ɗin khal ba ta kai yadda aka yi ta shela ba. Siffar ɗaya ce, gishirin da suke bayarwa iri ɗaya ne, nan Dumas bai yi kuskure ba. Amma kulorin ukun nan ba su bar halinsu a ƙofa ba. Suna zaune a kujerar haidirojin suna jan ilektaron ta cikin sarƙar, ɗauri bayan ɗauri, har jan ya kai ga haidirojin na ƙarshe ya sassauta masa riƙo, abin da Lewis da kansa ya yi bayani da ɗigonsa. Sakamakon shi ne sabon asid ɗin ya fi tsohon ƙarfi sau dubbai. Na khal ana zuba shi a kwaɗon latas. Na Dumas kuwa likitocin fata ne ke ɗiga shi a kan tsiro su ƙone shi.